Yadda Na Koya wa Ƙanwata Shiru

A ajinmu na uku a lekol, wato makarantar boko, a Garwa, akwai wani muƙamuƙin jaki da aka huda aka zura wa igiyar rama. Haƙoransa suna nan, sun yi rawaya, ɗaya ya tsage. Ban san wanda ya tsinto shi ba. Mu dai mun same shi rataye a ƙusa a gefen baƙin allo, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa. Sambol ake ce masa. Hoton nan har yau shi ne a bangon azuzuwanmu, firam kawai ake sauyawa.

Dokar ba ta da wuya. Da zarar ka shigo ƙofar lekol, ba a yin kowane yare sai Faransanci. Ba Fillanci, ba Hausa, ba komai. Wanda aka fara kamawa da safe, malam ne ke rataya masa ƙashin a wuya da hannunsa. Daga nan sai ya cire hannu, ya bar mu da junanmu. Mai ɗauke da ƙashi ya baza kunne har ya ji wani ya yi yare, ya kwarma ihu, "Sambol!", ya cire ya rataya masa. Haka abin zai yi ta yawo daga wuya zuwa wuya har a buga ƙarfen tashi, wani tsohon wilin mota da aka ɗaure a reshen darbejiya. Wanda ƙarfen ya samu da ƙashi a wuya, shi ne na ranar: bulala goma a tafin hannu da wani guntun baƙin tiyo. Wanda kuwa ya yi kamun ƙarshe, malam ya kira shi mai kunne, ya ba shi ɗan kati. Idan ka tara kati goma, a ba ka hoto mai launi.

Metir muke ce wa malamin. Dogo ne mai tsafta, rigarsa kullum da kaifin guga, kuma ba ya duka da fushi. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Yakan nuna mana tafin hannunsa ya ce shi ma da haka aka sa masa Faransanci a baki, ga shi yau gwamnati na kiransa ma'aikaci. Shekarun nan ne da kowa ke cewa ƙasa ta shiga matsi, a ɗaure ciki, kuma na tabbata shi da gaske yake ganin ceton mu yake yi. Wata rana yakan manta da dukan, ya sallame mu haka nan. Wata rana ya ninka ba tare da ya faɗi dalili ba. Saboda haka ba wanda ya taɓa sakin jiki.

Shekarata ta farko a ajin na sha tiyo har na san warinsa. Ni mai baki ce tun ina ƙarama, Innarmu takan ce da magana aka yi min wankan jego. Na faɗi jarrabawa, aka ce in maimaita aji. Faransanci kam ban koya ba a shekarar nan. Abin da na koya shi ne inuwar darbejiya: idan ta taɓa wani dutse da ke gindin tagarmu, saura ƙiris a buga ƙarfe. Na kuma koyi sanin wanda bakinsa ke riga kansa. Da wannan ilimi na shiga shekara ta biyu, ina da shekara goma sha ɗaya, na fi kowa tsawo a layin 'yan mata, ina jin haushin kowa.

A hutun nan ne Baffana ya rasu. Ƙanin Babanmu ne, yana zaune a Tibati yana sarin busasshen kifi daga masuntan tafki yana aikowa arewa. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin damina. Matarsa ta koma wurin danginta, 'yarsu ɗaya kuma aka kawo mana ita a gaban motar kifi, da ƙullin kayanta a cinya, tana ƙamshin hayaƙi. Shekararta tara. An ce ta yi aji biyu a can, amma malaminsu ya fi son fatsa a bakin ruwa, don haka Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Baba ya roƙa aka sa ta a ajinmu don in riƙa kula da ita. Ya kama hannunta ya sa a nawa ya ce, "Ga amana nan."

Sunan Kakarmu aka sa mata, mahaifiyar su Baba. Don haka Baba ba ya iya kama sunanta, sai dai ya ce Uwata. Kaka kuwa Takwara take ce mata, ita kaɗai, tana jan ƙarshen da wata 'yar rawar murya irin ta tsofaffi.

Kaka ta daɗe da makancewa, idanunta sun yi fari fat. Zamanta a bakin ƙofar ɗakinta ne, a kan buzu, da wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin cinyarta cike da dabino. Idan ta kira jika, ya ce "Na'am" kafin ta rufe baki, ya zo da gudu, sai ta buɗe gwangwani. Idan ya yi nawa, ta ce dabino ya ƙare, alhali muna jin ƙararsa. Ba ta taɓa shiga lekol ba, amma ta san aikin horar da yaro. A gidanmu, kamar kowane gidan Hausawa a unguwar, rashin amsa kiran babba ya fi sata muni. Kafin zuwan ƙanwata, gwangwanin nan nawa ne.

Yarinyar kuwa rediyo ce. Daga safe har yamma tana zuba. Tana zama a gindin ƙafar Kaka tana ba ta labarin Tibati: yadda babanta ke shinshina kifi sau ɗaya ya faɗi kwana nawa ya yi a kan wuta, yadda yake waƙa ƙasa-ƙasa idan yana ɗaure kwando, yadda ya taɓa faɗawa ruwa da sabuwar rigar sallah. Kaka ba ta ga ɗan nan nata ba shekaru da yawa, ba ta kuma samu zuwa jana'izarsa ba. Sai ta ce, "Sake faɗa min na rigar." Yarinyar ta sake. Kaka ta yi dariya har hawaye ya zubo, ta ce, "Muryarsa ce sak. Haka yake jan magana." A cikin ƙullin kayanta an sami carbin Baffa, baƙi, na itace, ya yi santsi don ja. Kaka ta karɓa ta ce za ta ajiye mata sai ta girma.

Na tsane ta. Ba zan yi wa kaina ado a nan ba. Marainiya ce, tana bi na kamar jela tana ce min Adda, wato yaya da Fillanci, tana ajiye min rabin dabinonta, ni kuwa rabin nan ne ke ƙona min rai.

A mako na biyu da komawa lekol, wata 'yar Fulani ta kama ni na ce mata ta matsa, ta rataya min ƙashi. Na duba taga. Inuwa ta kusa dutse. Ajin ya yi tsit, kowa ya ɗinke bakinsa kamar yadda ake yi a irin wannan lokaci, kowa yana kallona ta gefen ido. Ina jin haƙoran jakin a ƙirjina ta cikin riga. Ƙanwata tana benci na gabana, ta sunkuya tana ta fama da alli a kan ɗan allonta. Ban zauna na tsara ba. Na dai ji maƙogwarona ya matse, murya ta fito da 'yar rawar nan, ƙasa-ƙasa:

"Takwara."

"Na'am!" ta ce, da ƙarfi, har tana miƙewa.

"Sambol!" na ce.

Ajin ya fashe da dariya. Wani yaro ɗan gidan malamai ya ɗaga hannu ya ce ai wannan kalma Larabci ce. Metir ya yi murmushi ya ce Larabci ma ba Faransanci ba ne. Na cire igiyar na zura mata. Ba ta ma san me ake yi ba, sai da na danna kanta ƙasa kafin igiyar ta wuce. Ban koma wurin zamana ba aka buga ƙarfe.

Da Metir ya ce ta miƙo hannu, hannu biyu ta haɗa ta miƙa, ta ɗan rusuna, kamar yadda aka koya mata karɓar abu daga babba. Tiyo na farko ya sauka ta ce, "Wayyo Allah!" Metir ya ce wannan ma yare ne, a sake daga farko. Sai da aka sake sau uku. Bayan ya gama ya kira ni, ya dafa kaina, ya ba ni kati. Ɗan kwali ne ruwan hoda, bai kai tafin hannu ba. Na ji wuyana ya yi sakayau, na ji sanyi ya ratsa ni har ƙafa. Daɗi na ji.

A hanyar gida, mun wuce masu suyar makala, fanken garinmu, tana riƙe da hannayenta a hammata, sai ta ce, "Adda, Kaka ta zo lekol ne?"

"Me zai kawo ta?"

"Na ji ta kira ni."

"Ni ce."

Ta tsaya ta dube ni. "Don me?"

"Haka ake yi a nan," na ce. "Kuma kika faɗa a gida, Baba sai ya ƙara miki. Wanda aka daka a lekol, a gida ma sai an dake shi."

Wannan ɗin gaskiya ce, shi ya sa ta yi aiki.

Daga ranar na zama 'yar kasuwa, jinin gidanmu ya motsa. Duk wanda inuwa ta kusa kamawa da ƙashi a wuya, sai ya lallaɓo wurina. In yi masa Hausa da gangan, ya rataya min, ya biya ni da makala ko gyaɗa a lokacin hutu. Ni kuma in jira inuwa ta taɓa dutse, in matse maƙogwaro. Wasu sun gwada kiranta da sunanta, bai cika ci ba. Muryar Kaka ce ke ci, kuma ni kaɗai na iya ta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewar da ta yi tana faɗawa. Ba doluwa ba ce. Da safe a hanya takan ce, "Yau ba zan amsa ba, Adda," kamar ni ce zan taya ta. Amma tun tana rarrafe ake yabonta a kan kalmar nan, ana shafa kanta, ana sa mata zaƙi a baki. Bakin ne ke amsawa, ita sai daga baya take ji. Da farko takan faɗi kalmar duka sannan ta toshe baki da hannu. Bayan 'yan makonni rabi ke fita, ta haɗiye sauran, ni kuwa in rantse na ji, Metir ya yarda da mai kunnensa. Ta kai idan na taso da igiyar ba sai na danna kanta ba. Da kanta take ajiye alli, ta goge hannu a riga, ta sunkuyar da kai.

Na samu hotona na farko: wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji a kan reshe, ko'ina fari da ƙanƙara. A Garwa, inda ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin silifa. Na liƙa shi a murfin akwatina da ƙullun tuwo, ina buɗewa ina kallo.

Sai wata rana na kira, shiru. Kafaɗunta suka ɗaga, hannunta na hagu ya tafi wuyanta, amma ba sauti. Na sake kira. Shiru. Aka buga ƙarfe da ƙashi a wuyana, na sha goma cif. A hanya na kwaɗa mata mari, kuma wallahi a raina gani nake ita ta cuce ni. Washegari na zo da dabara. Na soka mata tsinin kompa, ƙarfen zana da'ira, a cinya ta ƙarƙashin benci, ta ce wayyo, na ce sambol. Wannan ma ya yi min aiki na kwanaki. Daga baya ko na soka sai dai ta runtse ido, hawaye ya sauko, jini ya ɗan ɓata mata siket. Kasuwata ta mutu, na koma farautar wasu.

Kusan ƙarshen zango Metir ya fito da ita gaban aji. Ya ce mu dube ta da kyau: ta zo bakinta cike da yare, yau ga shi wata guda ba a ji ko ɗaya daga gare ta ba. Ya sa aka yi mata tafi, ya ba ta kati. Bai lura cewa Faransancin ma ba a ji daga gare ta ba. Da muka fito ta miƙo min katin ba tare da ta dube ni ba. Ta san shi nake so. Na karɓa.

Ni a zatona abin lekol a lekol yake tsayawa. Mu duka haka muke: muna fita ƙofa baki ya ɓalle, Fillanci da Hausa har da zagi, kamar an buɗe famfo. Ban yi tunanin cewa muryar da na ara a gida take zaune ba.

Wata ranar Alhamis da la'asar muna tsakar gida muna tsince shinkafa, Kaka ta ce, "Takwara." Ƙanwata ta daskare. Hannunta ya tafi wuya. Kaka ta sake kira, ta kaɗa gwangwani. Shiru. Baba yana alwala a bakin rijiya, ya ajiye buta.

"Uwata, ba ki ji Hajiya na kiranki?"

Ta dube shi, leɓɓanta suna motsi, ba abin da ya fito. Baba mutum ne mai haƙuri a kanti, yakan warware wa mace turmin atamfa goma ta tafi ba ta saya ba, ya yi mata Allah ya kiyaye hanya. Amma a kan mahaifiyarsa ba ya ji ba ya gani. Ya shiga ɗaki ya ɗauko dorina. Yana dukanta yana cewa, "Uwata, a gidan nan? Uwata, ni za ki kunyata?" Bai iya kama sunanta ba ko a lokacin. Ita kuwa ko uffan, shi kuma shirun ne ke ƙara tunzura shi, yana ganin taurin kai ne. Sai da Inna ta riƙe dorinar.

Kwana biyu bayan haka Kaka ta sake gwadawa. Ina kallon yarinyar tana neman abin da za ta faɗa wanda ba zai jawo tiyo ba kuma ba zai jawo dorina ba. Sai ta miƙe tsaye ƙyam, hannuwa a gefe, ta ce, "Présente."

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Wai tana nan," na ce. "Haka ake amsa wa malami idan yana kiran suna."

Kaka ta ce, "To. Ni aka mayar malamin lekol." Baba ya ce wannan ai izgili ne, ya fi na farko muni, ya sake ɗauko dorina. Daga ranar ba ta ƙara gwada komai ba.

Ba wai ta zama bebiya ba ce. Idan kana gabanta, tana ganin bakinka da hannuwanka, takan ba ka amsa gajeriya. Amma kira daga baya, ko daga ɗaki, ko muryar Kaka ta kowace fuska, sai ta zama itace. Takan je ta tsaya kusa da buzun, shiru, har Kaka ta ji numfashinta ta laluba ta kamo ta. Wata rana Kaka ta buɗe mata hannu za ta sa dabino, sai yatsunta suka tsaya a kan tafin. Makaho ba a ɓoye masa irin wannan. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Me ya sami hannun nan haka? Takwara, wa ya yi miki?"

Na ga yarinyar ta ja numfashi. Na rantse za ta yi magana.

"Igiyar guga ce, Kaka," na ce da sauri. "Ba ta saba jan ruwa ba. A Tibati a tafki suke ɗiba."

Kaka ta ce a daina sa ta jan ruwa. Maganar ta mutu a nan.

Tsohuwa ma tana koyo. Ta kira ba a amsa ba, ta kira ba a amsa ba, sai kiran ya ragu. Ta fara cewa lekol ta shanye mata jika, wai yarinyar ta ga takwararta makauniya ce ba ta jin Nasaranci, ta raina ta. Labarin rigar sallah ba a ƙara ji ba. Gwangwani ya dawo hannuna. Ina cewa "Na'am" tun kafin ta gama kiran sunana, ina zuwa da gudu, ina cin dabino a gaban ƙanwata. Yana da zaƙi kamar da, ba zan yi ƙarya ba.

Da bazara ta yi tsanani, lokacin da kogin Binuwai ke janyewa ya bar yashi, Kaka ta kwanta. Kwana tara ba ta cin komai sai kunu. Ranar da ta ɗan farfaɗo, bayan azahar, ta ce a ɗaga ta a jingina ta da bango. Ni da Inna muna ɗakin, ina yi mata fifita. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro carbin Baffa.

"Takwara," ta ce.

Ƙanwata tana bakin ƙofa, ta riƙe labule. Ina ganinta.

"Takwara, zo ki faɗa min na rigar nan. Sau ɗaya."

Hannunta na wuyanta. Bakinta a buɗe, maƙogwaronta na hawa yana sauka, hawaye har haɓa. Kaka ba ta ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da ya isa gare ta shiru ne kawai.

"Ba ta nan ne?"

Inna ta ce, "Tana nan, Hajiya. Ke, ba ki ji?"

Magana ɗaya ce a kaina. In ce, Kaka, ni ce, da muryarki na yi ta kama ta ana dukanta. Na san idan na faɗa Baba zai fasa min jiki, Kaka kuma ba za ta ƙara kiran sunana ba. Na ci gaba da fifita.

Kaka ta kira na uku, a hankali, ba ta ma ja ƙarshen ba. Ta jira. Sannan ta ce, "Ku ƙyale ta." Ta laluba ta kamo hannuna, ta zuba min carbin a ciki ta rufe yatsuna. "Riƙe. Ke kina amsawa." Bayan kwana biyu ta rasu.

Ƙanwata ba ta gama lekol ba. Da shekara ta zagayo dangin uwarta suka zo suka tafi da ita, Baba bai hana ba, ya ce ya rasa gane kanta. Daga baya ta yi aure a Bogo. Ni na ci gaba, har na shiga makarantar horon malamai. A can wani malami ya yi mana darasi a kan ɓera da ake sa wa a akwati: ya taɓa wani ƙarfe abinci ya faɗo, sai ya yi ta taɓawa, a sa ƙarfen ya riƙa jan sa da lantarki, sai ya daina. Ya ce horo ba ya koyar da abin da mai horon ke nufi, tsoro yake koyarwa, kuma tsoron yakan manne wa duk abin da ke kusa a lokacin. 'Yan ajin suna ta rubutu. Ni ban rubuta ba, na riga na yi gwajin da hannuna. Abin da bai faɗa ba shi ne ɓera biyu ne a akwatinmu, kuma wanda aka ciyar ma bai warke ba. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, ban taɓa rataya wa yaro komai ba, ban riƙe tiyo ba. Amma har yau idan na kama ɗaliba da kuskure, daɗi ne ke fara zuwa min, kunya sai daga baya.

Carbin yana cikin akwatina duk shekarun nan, kusa da inda tsuntsun ya bar tabon ƙullu. Ban taɓa ja da shi ba. Mun haɗu da ƙanwata a bukukuwa da ta'aziyya, mu gaisa fuska da fuska, ta ce Adda ya yara, in ce lafiya. Ba mu taɓa tada maganar ba.

Shekarar da za ta aurar da babbar 'yarta na yanke shawara. Na ɗauki carbin, na hau mota zuwa Marwa, daga can zuwa Bogo, duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na isa da hantsi, gida cike da mata. 'Yarta ta tarbe ni ta nuna min bayan gida inda aka kafa tukwane, ta ce, "Tana can. Amma sai kin zagaya ta gabanta, Goggo, kin san kunnenta. An kai ta asibiti sau biyu, sun ce ba su ga komai ba."

Na same ta ita kaɗai a kan wata babbar tukunya, ta ba ni baya, tana tuƙi da muciya. Ta yi jiki, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Na ciro carbin daga jaka. Ya kamata in zagaya. Ban zagaya ba, ina so in gani ko abin ya wuce, don idan ya wuce rabin jawabina ya sauka. Na buɗe baki na ce, "Takwara." Ban matse maƙogwaro ba, wallahi ban matse ba. Tsufa ne ya zo, muryar Kaka ta zama tawa.

Muciya ta tsaya. Kafaɗunta suka ɗaga, hannun hagu ya tafi wuya. Ta juyo a hankali, ba ta dubi fuskata ba, hannuna ta duba, inda igiyar carbin ke lilo. Sai ta jingina muciyar a bakin tukunya, ta goge hannuwanta a zani, ta matso, ta sunkuyar da kai.

Duk abin da na shirya ya gudu. Hannuna bai jira ni ba, ya zura mata igiyar ta wuce kunnuwa ta sauka a ƙirji. Kuma, Allah ya yafe min, na ji wuyana ya yi sakayau.